Darasi: Yadda ake gano ƙwayar gyambon ciki a cikin baki da gwajin PCR

Assalamu alaikum masu saurare, musamman ɗalibanmu na ɗakin gwaje-gwaje. Yau maganarmu a kan Helicobacter pylori ce, ƙwayar bakteriyar da ke kan gaba wajen haddasa gyambon ciki, wato olsa. Likitoci biyu a birnin Perth na Ostiraliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka fito da ita fili a 1982, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Tun 1994 hukumar binciken ciwon daji, wato kansa, ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo kansar ciki. Mazauninta ciki ne. Abin da masu bincike ke son sani shi ne, ko tana laɓewa a dattin haƙora, ta sake komawa ciki bayan mutum ya gama shan magani.

Wani zai ce, me ya hana a shuka ta a faranti a ga ko za ta tsiro? Ai ba ta son tsiro a waje, ga baki cike da ɗaruruwan ire-iren bakteriya da za su riga ta, su rufe ta. Gwajin yuriyes, wani sinadari da ƙwayar ke fitarwa, shi ma ba ya raba gardama a nan, domin wasu ƙwayoyin bakin suna yin wannan sinadarin. Shi ya sa ake komawa ga neman DNA ɗinta kai tsaye.

Da safe ake ɗibar samfur, kafin mutum ya ci abinci ko ya yi asuwaki. A kankaro dattin da ya maƙale a gindin turamen haƙora, kusa da dasashi, da ƙarfe mai tsabta, ko a tara miyau a bututu. Idan ba ranar za a yi aikin ba, a sa a firiza. Sai a fasa ƙwayoyin a tace DNA.

Yanzu ku ba ni hankalinku, nan ne zuciyar darasin. PCR, wanda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, kwafin DNA yake yi. Kuna zuba gajerun zaren DNA guda biyu da ake kira firaima, waɗanda suka dace da wani yanki na DNA ɗin ƙwayar, kamar yankunan da ake kira ureA ko glmM. Injin ya ɗaga zafi zuwa digiri 95, zaren DNA ɗin samfurin ya rabu biyu. Ya sauke zuwa wajen 60, firaima su kama, a gina sabon zare. Kowane zagaye adadin yana ninkawa biyu. Zagaye 10 ya ba ku kwafi 1,024 daga guda ɗaya.

A PCR mai aunawa, akwai sinadari mai ƙyalli da haskensa ke ƙaruwa yayin da kwafin ke yawa. Zagayen da hasken ya tsallake layin da aka shata shi ne Ct. Ku riƙe wannan da kyau: ƙaramin Ct na nufin ƙwayar tana da yawa, don ta bayyana da wuri. Tazarar zagaye 3.3 daidai take da ninki goma. Domin a mayar da Ct zuwa adadi, sai an gwada samfuran da aka riga aka san yawan DNA ɗinsu tare da na mara lafiya, a kwatanta. Kuma don Allah kada ku taɓa mantawa da gwada bututun ruwa zalla, wanda babu samfur a ciki; idan shi ma ya yi haske, aikin ya gurɓace, a sake shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake fassara sakamakon. PCR ba ya bambanta matacciyar ƙwaya da mai rai. DNA ɗin yana iya zama abin da ƙwarnafi ya turo daga ciki. Firaima marasa inganci kuma suna kama dangin ƙwayar na nesa, irin su Campylobacter, waɗanda dama suna zaune a baki. Wannan na cikin dalilan da suka sa alƙaluman bincike daban-daban suka yi hannun riga da juna.

Saboda haka ba a ɗora mara lafiya a kan magani don sakamakon baki kawai. Likita zai nemi gwajin numfashi, ko na bayan gida, ko a zura kyamara a ɗebo tsokar ciki. Kafin gwajin, a dakatar da omeprazole, maganin rage asid ɗin ciki, mako biyu, maganin kashe bakteriya kuma mako huɗu. Darasi na gaba za mu zana jadawalin kwatancen tare, ku zo da kalkuleta.