Idan Sunanka Ya Ɓaci a Wajen Bankuna Saboda Bashi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau darasinmu na wanda ya je banki neman rance ne, ko ya cike fom a manhajar waya, aka ce masa a'a kuma ba a gaya masa dalili ba. To dalilin yana nan a rubuce, a wurin da yawancinmu ba mu taɓa leƙawa ba.

A Najeriya akwai kamfanoni uku da Babban Banki CBN ya ba lasisi su riƙa ajiye tarihin bashin mutane, CRC Credit Bureau da FirstCentral da kuma CreditRegistry. Bankuna da ƙananan bankuna da manhajojin rance da yawa duk suna tura musu labarinka, nawa ka ci, nawa ka biya, wata nawa ka makara, kuma da BVN ɗinka ake gane ka, don haka canza banki ko jefar da layin waya ba ya ɓoye kowa. Daga wannan tarihin ne suke fitar da maki. Na CRC misali daga 300 yake zuwa 850, in kana can ƙasa kusa da 300 to banki yana ganin lambar nan zai rufe fayil ɗinka.

Mutanenmu da yawa ta bashin korona na 2020 suka faɗa wannan ramin, wanda aka bayar ta bankin NIRSAL, aka yi ta cewa ai rabon gwamnati ne, ci kawai. Ba kyauta ba ne, rance ne kuma yana kan sunanka. Ga kuma tsarin GSI da CBN ya fara a watan Agustan 2020, wanda ya ba banki damar ya bi BVN ɗinka ya cire kuɗinsa daga asusunka na wani bankin daban idan ka ƙi biya. Shi ya sa za ka ji mutum yana kuka an turo masa kuɗin kaya an kwashe cikin dare.

Toh me za ka fara yi? Ka nemo rahotonka ka gani da idonka. Dokar 2017 da ta tsara aikin waɗannan kamfanoni ta ba ka haƙƙin karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, ka shiga shafinsu na intanet ka nema da BVN ɗinka. Ni shawarata ka duba duka ukun, saboda wani mai ba da rancen ɗaya kawai yake tura wa, za ka ga nan fes can kuma da datti.

In ya zo, kar ka tsaya kan makin, ka bi layi layi. Sunan wanda ya ba da rancen, ranar da aka karɓa, abin da ya rage, da matsayinsa. Bashin da ya wuce kwana 90 ba a biya ba shi ne bankuna ke sa wa a sahun wanda ya lalace, shi ne kuma ya fi jan maki ƙasa. A nan za ka ga abin mamaki wallahi, wani dubu biyar ce da ya ara a manhaja shekara uku da suka wuce ya manta, riba da tara sun hau kanta. Wani ya biya tas amma ba a sabunta ba. Wani kuma bai taɓa cin bashin ba sam, ya dai ba wani ejan BVN ɗinsa da lambar da aka turo masa a waya wai za a sa shi a tallafi, ashe rance aka ci da sunansa. Don Allah ku daina ba da lambobin nan, ko wa ya tambaya.

Idan kuskure ne ko bashin ba naka ba ne, ka rubuta ƙorafi ga wanda ya ba da rancen da kuma kamfanin da ya fitar da rahoton, ka haɗa da rasit da bayanan asusunka na banki. A rubuce, ba da baki ba, kuma ka ajiye kwafi. In banki ya yi biris da kai CBN na da sashen kare haƙƙin abokan hulɗa, in kuma manhajar rance ce ke turawa 'yan uwanka saƙon cin mutunci to FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, ita ce wurin kai ƙara.

In kuwa naka ne, ɗan uwa, ka daina gudu. Ka je da ƙafarka ka zauna da su ka ce ga abin da zan iya duk wata, ka roƙi a rage tarar da ta hau, sau da yawa sun fi son su karɓi kuɗinsu kaɗan kaɗan da su rasa gaba ɗaya. Amma kar ka yi alƙawarin dubu hamsin alhali ashirin kake iyawa, karya sabuwar yarjejeniya ya fi na farko muni. Kuma kar ka ci bashin wata manhaja don ka biya wata, wannan tufka da warwara ce, ribar kawai kake ƙara wa kanka. Ka tuna ma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne.

Yanzu ga inda mutane suka fi yin sake. Ka gama biya sai ka ce alhamdulillahi ka tafi gida. A'a. Ka karɓi takardar da ke nuna ba sa bin ka komai, da sa hannu da hatimi, ka ce su sabunta bayaninka a wajen kamfanonin nan, bayan wata ɗaya ko biyu ka sake dubawa ka tabbatar ya koma an biya. Tarihin makarar ba zai goge nan take ba, yana ɗaukar shekaru, amma bashin da aka biya da wanda aka gudu ba ɗaya suke ba a idon banki. Duk wanda ya ce maka a Facebook ko WhatsApp kawo dubu talatin in goge maka suna, ɗan damfara ne, ba shi da wannan ikon.

Wani zai ce ni ai ba na harka da riba, me ya dame ni. Ko bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ, in za su saya maka mota ko kayan shago ka biya a hankali, sai sun duba wannan rahoton. Bayan ka wanke sunanka, in za ka sake ɗaukar wani abu ka ɗauki ƙarami wanda ka san ko kasuwa ta yi sanyi za ka iya, ka biya kafin ranar ta cika, kuma kar ka bi manhajoji goma kana cike fom a mako guda don duk neman da ka yi yana fitowa a rahoton. Haka tsaya wa wani a rance, in ya gudu kai za a kama.

A darasi na gaba za mu buɗe rahoton tare in nuna muku yadda ake karanta kowane layi. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.