Takarda a hannun ubangida: Sinawan kwantiragi a Kyuba zamanin mulkin Sifaniya

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye, ɗalibai da sauran 'yan'uwa, barkanmu da yamma. Na bayan can kuna ji na? Toh madalla.

Yau Kyuba za mu leƙa, lokacin da take ƙarƙashin Sifaniya. A ƙarni na 19 mafi yawan arzikin tsibirin nan a kan rake yake, rake kuma bayi ne ke nomansa, sai ga Ingila ta matsa wa Sifaniya lamba ta sa hannu kan yarjejeniyar hana fataucin bayi a 1817 aka kuma sake a 1835, ba wai fataucin ya tsaya ba ne, a'a, tsada ya yi kuma ya zama da haɗari, shi ne masu gonaki suka juya wajen ƙasar Sin. A watan Yunin 1847 jirgin ruwa mai suna Oquendo ya sauke Sinawa ɗari biyu da 'yan kai a Habana, babban birnin Kyuba, daga tashar Amoy ta ƙasar Sin. Daga nan zuwa 1874 wajen mutum 125,000 suka sauka, mafi yawansu ta tashar Makau da ke hannun Fotugal aka ɗebo su, kusan dukkansu maza, ban da dubban da suka mutu a teku.

Zancenmu na yau kan takardun da 'yancin mutanen nan ya rataya a kansu ne. Takardar farko ita ce ta kwantiragi. An buga ta da yare biyu, Sinanci da Sifaniyanci. Shekara takwas za ka yi, peso huɗu a wata, da abinci da tufafi kala biyu a shekara. Ku lura da bayan takardar nan don a nan zancen yake. Idan an sauke mutum a Habana sai mai gona ya zo ya dudduba shi ya biya, a juya takarda a rubuta a bayanta cewa an miƙa wa wane, gobe in shi ma ya sayar a ƙara rubutawa a ƙasa. A doka wai takarda aka sayar ba mutum ba, amma duk inda takardar ta tafi mutumin yana biye da ita. Sannan a raɗa masa sunan Sifaniyawa, José ko Pedro ko Antonio, da yawa daga baya har sunan gidan ubangidan suka ɗauka, shi ya sa yau jikoki ke shan wuya wajen gano kakanninsu a kundin gwamnati.

Toh shekara takwas ta cika, sai me? Da farko in ka gama za ka iya neman izinin zama ka kama sana'arka. A 1860 aka fito da sabuwar doka, wadda ta hau kan duk wanda ya shigo daga farkon 1861: in ka gama kana da wata biyu, ko ka sake sa hannu a sabon kwantiragi ko ka bar ƙasar da kuɗinka. Jama'a ku yi lissafi, mai peso huɗu a wata, wanda ma ake yanke masa in ya kwanta ciwo, ina zai samo kuɗin jirgi daga Habana zuwa Makau? Wanda ya ƙi duka biyun sai a kai shi gidan ajiya na gwamnati, inda ake tsare gudaddun bayi, ya dinga fasa dutse da gyaran hanya kyauta har ya gaji ya sa hannu.

Su kuma waɗanda doka ta ba su damar zama, wato waɗanda suka shigo kafin sabuwar dokar ta hau, hawa-hawa ne abin. Sai ubangidanka ya ba ka takardar shaidar cewa ka gama. Sai an yi maka baftisma a cocin Katolika ka samu wanda zai tsaya maka a matsayin uba, ka karɓo shaida daga wajen fada, wato limamin cocin. Sannan ka nemi takardar izinin zama, sannan sedula, wato katin shaida da ake sabuntawa duk shekara da kuɗi, sai bayan wasu shekaru ka nemi zama ɗan ƙasar Sifaniya. Manyanmu da suka ga zamanin En'e za su tuna yadda takardar haraji take a aljihun matafiyi, to ita wannan ta fi ta nauyi, don rashinta kai tsaye gudajje ne kai. Kuma abin da ni ya fi tsaya min a rai, matakalar farko tana hannun mutumin da zai yi asara in ka samu 'yanci. Ya hana ka takarda ya ce akwai kwanakin ciwo da za ka rama, wa za ka kai wa ƙara, da wane yare?

A 1874 gwamnatin Sin ta turo kwamitin bincike ƙarƙashin Chen Lanbin, tare da wasu Turawa biyu ma'aikatan kwastan ɗin Sin, ɗaya Baturen Ingila ɗaya Bafaranshe. Sun shiga gonaki da gidajen yari da gidajen ajiya suka ɗauki bayanin mutum 1,176. Cikin abin da aka riƙa faɗa musu akwai cewa ko kana da sedular ba ka tsira ba, ɗan sanda zai tare ka a hanya ya karɓa, in ba ka ba shi wani abu ba ya yage ko ya ce ta jabu ce ko ta wani ce, shikenan ka wayi gari a gidan ajiya. Ƙidayar 1872 ta samu Sinawa 58,400 a tsibirin, waɗanda ke da takardun 'yanci wajen dubu goma sha huɗu ne kacal.

Amma fa ba zama suka yi suka naɗe hannu ba. Wasu suka ce tunda ta Makau muka fito mu talakawan Fotugal ne, suka yi layi a ofishin ƙaramin jakadan Fotugal a Habana, Eça de Queirós, wanda ya riƙe wurin daga 1872 zuwa 1874 kuma ya ba da takardu ga da yawansu, hukumomin Sifaniya ba su ji daɗin hakan ba ko kaɗan. Wasu suka sayi takarda ta bayan fage. Wasu suka shiga daji wajen 'yan tawayen da ke neman 'yancin Kyuba daga Sifaniya a yaƙin shekara goma da aka fara a 1868, kuma da aka yi sulhun Zanjón a 1878 an rubuta a ciki cewa bayi da Sinawan da ke cikin rundunar tawaye sun 'yantu, wato wanda ya ɗauki bindiga ya samu abin da wanda ya yi haƙuri a gona bai samu ba.

Fotugal ta rufe cinikin a Makau a 1874. A 1877 Sin da Sifaniya suka sa hannu a yarjejeniya, a 1879 aka buɗe ofishin ƙaramin jakadan Sin a Habana, daga nan ne Basine zai je ya yi rajista a wajen jami'in ƙasarsa ya karɓi shaida ba sai ya bi ta hannun mai gona ba. Bautar bayi kanta sai 1886 aka soke ta a Kyuba.

Na ga ana nuna min agogo. Masu tambaya a miƙa musu makirfo, mu fara daga ɓangaren mata.