Kabonik Anhaidires da Fitar Iskar Kabon Daga Jini

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanku da yamma.

Kowa a nan ya san muna shaƙar iskar oksijin, mu fitar da ta kabon. To tambayata ita ce: daga tsokar ƙafarka zuwa huhu, a cikin me take tafiya? Kun ce jini. Haka ne, amma ba a matsayin iska ba. Abin da ke narkewa kai tsaye a ruwan jini bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Wajen kashi 20 yana maƙale wa himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini. Sauran, kusan kashi 70, sai an juya shi ya koma baikabonet, ɗan uwan abin da ke cikin kanwa, sannan jini ya ɗauke shi.

Iskar kabon da ruwa suna haɗuwa da kansu su samar da baikabonet, amma a hankali, sai sun ɗauki daƙiƙoƙi. Shi kuwa jini, ratsa ƙananan jijiyoyin huhu ba ya ɗaukarsa ko daƙiƙa ɗaya. Kun ga matsalar? Kafin baikabonet ya koma iska a fitar da ita, jinin ya riga ya wuce. Motar ta tashi, fasinja yana ɗaure kaya.

A nan kabonik anhaidires ya shigo. Inzayim ne, wato furotin mai hanzarta haɗuwar sinadarai, da ke cike a jajayen ƙwayoyin jini, kuma ƙwayarsa guda tana iya juya ƙwayoyin iskar kabon kusan miliyan ɗaya a daƙiƙa. A tsoka ya juya iska zuwa baikabonet, a huhu ya mayar da ita. Masana kimiyya Meldrum da Roughton ne suka bayyana shi a Kambirij ta Ingila a 1933. Daga baya Keilin da Mann suka gano akwai zinki a tsakiyarsa, eh, zinkin nan da ake ba yara masu gudawa. Zinkin ne ke kama ruwa, ya sa ya saki haidirojin ɗaya, abin da ya rage ya cafke iskar kabon nan take.

Ni a ganina littattafanmu na sakandare sun zalunce shi, layi ɗaya suke ba shi. Alhali da shi tumbi ke haɗa asid, da shi ƙoda ke daidaita tsamin jini. Likitocin ido ma, idan ruwa ya matsa wa idon mai gilakoma, wato ciwon hawan jinin ido, maganin Diamox suke ba shi, aikinsa kuwa dakatar da wannan inzayim, don ruwan da ido ke samarwa ya ragu.

Mai tambaya a baya can, a miƙa masa makirfo.