Sunayen da ke jikin ƙofofin Istambul

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci. Yau ma daga Istambul nake magana. Bari in matso da kyamara jikin ƙofar wannan benen ku ga sunayen masu gidajen: Yilmaz, Kaya, Demir, Shahin. Na farkon yana nufin wanda ba ya ja da baya, Kaya dutse ne, Demir ƙarfe, Shahin kuwa shaho. Duk sunayen jarumta, kamar mutum ne ya zauna ya zaɓar wa kansa. To kusan haka ɗin aka yi.

Kafin 1934 yawancin Turkawa ba su da sunan iyali. Wane ɗan wane ake cewa, ko a kira mutum da sana'arsa ko garinsu. A watan Yunin shekarar aka yi doka cewa dole kowane gida ya ɗauki suna ɗaya da 'ya'ya da jikoki za su gada. To wa zai ce a rubuta masa Rago? Shi kansa Mustafa Kemal, shugaban Turkiyya na farko, a watan Nuwamba majalisa ta ba shi Ataturk, wato uban Turkawa, aka kuma hana kowa ɗaukar sunan. Ke nan abin da ake tambayarmu a fom kamar da shi aka halicci ɗan Adam, a nan bai kai shekara 100 ba. A Ayislan ma har gobe galibinsu sunan uba suke jinginawa, ɗan wane ko 'yar wane, shi ke nan.

Ni dai sunan yanka ya fi ja na, don shi ne ke tona halin da gida yake ciki ranar haihuwa. A nan za ka haɗu da dattijo mai suna Dursun, ma'ana ya tsaya, ko Yashar, zai rayu. Akwai ma Satilmish, wato an sayar. Iyayen da 'ya'ya ke ta mutuwa a hannunsu ne ke sa irin waɗannan, wai a nuna yaron ba nasu ba ne ko ya tsira. Duk wanda ya san dalilin Ajuji ko Ayashe ba sai an yi masa dogon bayani ba. Tsakaninmu da su tafiya ce mai nisa, harshe bai haɗa mu ba, amma zullumin uwa iri ɗaya ne. Wanda bai yi mini daɗi ba shi ne Yeter, wato ya isa haka, da ake sa wa yarinya idan mata sun jeru ana jiran namiji. Yarinya ta girma kullum ana kiranta da ƙosawar iyayenta, haba.

Na lokaci kuwa sai ka rantse tare muka shirya. Suna da Ramazan, Shaban da Bayram na ranar salla, kuma Recep na shugaba Erdogan ba komai ba ne illa watan Rajab. Mutanen Akan na Gana sun fi kowa riƙe wannan: Kofi Annan ɗan Juma'a ne, Kwame Nkrumah kuma sunan ɗan Asabar gare shi, Danjuma da Dan'asabe ke nan.

Mehmet da kuke ji ko'ina a garin nan daga Muhammadu ya samo asali. Ku rubuto mini a ƙasa wa ya raɗa muku naku sunan, kuma me ya faru a gidan lokacin.