Ina Tallafin Abinci Yake Maƙalewa Kafin Ya Kai Tukunya?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo.

A watan Fabrairun 2024, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarni a fito da tan 42,000 na hatsi daga rumbunan gwamnatin tarayya, a raba wa talakawa. In ka ji wannan adadi a rediyo sai ka ce shi ke nan, an gama da yunwa. To, mu yi lissafi tare. Tan 42,000 shi ne buhu 840,000 mai kilo 50. A shekarar ta 2024, ƙididdigar da gwamnati ke yi tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna sama da mutum miliyan 30 za su shiga matsananciyar yunwa tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon amfani kuma bai zo ba. Ko da ba a taɓa ko ƙwaya ɗaya a hanya ba, kowane mutum zai tashi da kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Bai cika kwano guda na awon Kano ba.

Me ya kawo mu nan? Abinci bai ɓace daga kasuwa ba. Ka shiga Dawanau ko Singa, buhuna ne jibge har rufi. Kuɗin saye ne ya gagara. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, cikin makonni kaɗan aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Kuɗin mota ya tashi, taki ya tashi, komai ya bi baya. Zuwa Yunin 2024, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Ga kuma Zamfara da Katsina da Sakkwato, inda manomi a wasu ƙauyuka sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, wasu gonakin ma an bar su sun zama daji.

Ku leƙa gidan mai ƙaramin ƙarfi ku gani. Maigida ɗan ga-ruwa ne ko mai tura baro, abin da ya samo yau shi za a ci yau. Da can ana awo da kwano, yanzu da gwangwani ake yi. Uwargida ta fara cire nama, sannan ta cire mai, sannan ta cire abincin rana gaba ɗaya. Ɗumamen safe ya zama na yara kaɗai, ita kuma ta ce ba ta jin yunwa. A Kano, a 2024, mutane sun koma sayen afafata, gutsattsarin shinkafar da masu casa suka saba sayarwa a matsayin abincin kifi. Wannan gida ne ake nufi in an ce tallafi.

Hanyar da muka fi sani ita ce rabon buhu. Tirela ta tashi daga rumbu zuwa babban birnin jiha, a yi taro, a ɗauki hoto. Daga nan sai ƙaramar hukuma, sai mazaɓa, sai akwati. A kowane zango akwai kwamiti, kowane kwamiti kuma yana da mutanensa: na jam'iyya, na fada, na ƙungiya. Kafin a iso ga gwauruwar da ke ƙarshen lungu, buhu ya zama mudu, wani lokacin ma labari kawai take ji. Ba mu manta da Oktoban 2020 ba, lokacin da jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a Jos da Legas da wasu garuruwa, suka tarar da kayan tallafin korona a jibge, watanni bayan kullen da aka tara su dominsa.

Kuma rabon kansa yana cin rai. A Fabrairun 2024 mutane sun mutu a turmutsutsu a Legas, wajen sayen shinkafar da kwastan ta kama ta karyar da farashinta. A Maris, ɗalibai mata biyu suka rasu a jami'ar jihar Nasarawa da ke Keffi wajen rabon shinkafa. A Disamba, cikin mako guda, aka yi asarar rayuka da dama a Ibadan da Okija da Abuja, duk da cewa waɗannan rabon na masu sadaka ne, ba na gwamnati ba. Dalilin ɗaya ne: in mutum ya san kayan ba za su isa ba, bai kuma san ranar da za a sake kawowa ba, zai kwana a bakin ƙofa, zai ture na gabansa.

Akwai kuma tura kuɗi. A zamanin Buhari naira 5,000 ne a wata ga gidajen da ke cikin rajistar marasa galihu. A Oktoban 2023 aka ƙaddamar da naira 25,000 a wata, har wata uku, ga gidaje miliyan 15, da rancen Bankin Duniya. Wannan ya fi buhu tsafta, don babu layi, kuma uwa ta fi kowa sanin abin da gidanta ke buƙata. Sai dai ana neman lambar NIN da asusun banki, matar da ta fi kowa talauci kuwa sau da yawa ita ce ba ta da ko ɗaya.

Wanda ni dai na fi ganin ƙimarsa shi ne ciyar da yara a makaranta, domin shi kaɗai ne yake zuwa kullum kamar yadda yunwa take zuwa kullum. Kano ta gwada shi tun wa'adin farko na Rabi'u Musa Kwankwaso. Obasanjo ya gwada a wasu jihohi a 2005, jihar Osun ce ta riƙe shi bayan sauran sun watsar. A 2016 gwamnatin Buhari ta mayar da shi na ƙasa baki ɗaya, ga 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamaren gwamnati, a kan naira 70 kowane kwano. Daga baya gwamnati ta ce yara kusan miliyan 10 ne ke ci, masu dafawa kuma sun haura 100,000.

Ku dubi yadda yake aiki a unguwa a lokacin da ake yin sa. Da misalin ƙarfe goma, ga baba mai abinci da kulolinta a kan baro, yara sun jeru da robobinsu, yau shinkafa da wake, gobe doya, wata rana da ƙwai. Waken daga manomin ƙauyen ne, ƙwan daga mai kaji na garin, itacen daga mai itacen unguwa. Kuɗin a nan yake juyawa. Uban da yake tunanin tura 'yarsa talla ya sake shawara, tunda an ɗauke masa abinci ɗaya. Lokacin da Kaduna ta fara nata a Janairun 2016, azuzuwa sun cika sun tumbatsa. Malamai kuma sun san da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Yana da ramukansa. Almajiri da yaron da ba ya makaranta ba sa ciki. Jaririn da tamowa ta kama, wanda ake auna damtsensa da ɗan tef ya nuna ja, shi ma ba ya ciki, alhali shi ne ya fi kusa da mutuwa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda tamowa a wata shidan farko na 2025. An kuma sha samun sunayen bogi da masu dafawa da aka yi watanni ba a biya ba.

Amma abin da ya fi karya shirin shi ne rashin doka mai ƙarfi a bayansa. A Indiya, kotun ƙoli ce ta tilasta dafa abinci a makarantun gwamnati tun 2001, a 2013 kuma aka yi dokar da ta ba mutum kusan miliyan 800 haƙƙin kilo 5 na hatsi kowane wata. Wanda aka hana zai iya kai ƙara. A nan kuwa, a Janairun 2024, bayan an dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan zargin tura naira miliyan 585 asusun wani mutum, sai aka tsayar da dukkan shirye-shiryen tallafin har da abincin yara. An ce na mako shida ne, amma shekarar ta ƙare tukwane ba su koma kan murhu ba a mafi yawan makarantu. Manya ake zargi, yara suka kwana da yunwa.

Sai batun kuɗi. An ƙara kuɗin kwano daga naira 70 zuwa 100 a 2022, yau kuma naira 100 ba ta sayen ƙwai ɗaya. A kasafin 2025 an ware wa shirin naira biliyan 100. Ku raba ta ga yara miliyan 10, kowane yaro naira 10,000 ke nan a shekara. Ku sake raba ta ga kwanakin makaranta, kusan 180, za ku samu naira 55 a rana, ƙasa da abin da aka fara da shi a 2016.