Laccar da Malam ya yi mana kan aikin tonon kufai da tarihin fasahar Musulunci

Assalamu alaikum. To jama'a, na baya kuna ji na ko? Madalla.

Wani ɗalibi ya tare ni a bakin ƙofa ɗazu yana cewa Malam shi fa hoton Kubbatus Sakhra da ke birnin Ƙudus ya gani ya ji yana son wannan karatun. Na ce masa to yaro, ka iya wanke tsingaro? Don wallahi mafi yawan aikinmu ke nan, fasassun tukwane, ka zauna da bokiti da buroshi tun safe har la'asar kana wankewa kana sa wa kowanne lamba, ƙura ta cika maka hanci, kuma a cikin wannan tarkacen ne tarihin yake.

Bari in ba ku misali da Samarra ta ƙasar Iraƙi. Halifa Mu'utasim ne ya kafa ta a shekarar 836, Abbasiyawa suka zauna can har 892 sannan suka koma Bagadaza. Shekara hamsin da 'yan kai kawai. Shi ya sa da wani Bajamushe Ernst Herzfeld ya je ya yi tono daga 1911 zuwa 1913 sai masana suka yi murna, suka ce ai duk tsingaron da ya fito daga nan mun san zamaninsa, za mu riƙa auna na sauran garuruwa da shi. A nan aka ga tangaran na ƙasar Sin fari tas, aka kuma ga yadda masu ginin tukwane na Iraƙi suka kwaikwaye shi da yumɓunsu suka shafa masa farin fenti suka ƙara zanen shuɗi. Sai daga baya aka gano ashe ba kowa ne ya tashi daga garin ba lokacin da halifa ya tashi, mutane sun ci gaba da zama suna fasa tukwanensu, dole aka dawo aka sake lissafi. Ni wannan wurin ya fi burge ni, mutum ya gina sunansa kan magana ɗaya, ɗalibin ɗalibinsa ya zo ya rushe ta da kasko guda.

Sannan aikin nan yana buƙatar ido. Adon bangon Samarra, wanda ake sassaƙa shi a karkace kan farar ƙasa, shi za ka je ka tarar a masallacin Ibn Tulun a Alƙahira da aka gama a 879. Me ya kai shi can? Ahmad ɗan Tulun, wanda ya gina masallacin, a Samarra ya tashi. Har hasumiyarsa mai matakala ta waje tana tuna maka da Malwiya, hasumiyar babban masallacin Samarra, waccan mai murɗe kamar dodon koɗi, mita 52. Ba littafi ne zai koya maka wannan ganin ba, sai ka yi ta kallo har ido ya saba.

Harshe kuwa ba gudu ba ja da baya. Larabci wajibi, kuma ku da kuka yi makarantar allo kun riga Bature nisa, ku daina raina kanku. Farisanci in za ka taɓa Iran, Jamusanci da Faransanci saboda tsofaffin rahotannin tono. Digirin digirgir zai ci maka shekaru, kujerar koyarwa kaɗan ce ko a Turai, kuɗin tono kuma sai ka yi ta rubuta takardar neman tallafi ana ce maka a'a. Gara in faɗa muku tun yanzu.

Wata ta tambaya a takarda wai dole sai an je Masar ko Iraƙi? A'a 'yata. A Gao Saney ta Mali an samu duwatsun kaburburan sarakuna na wajen shekarar 1100, marmara ce da aka sassaƙa da rubutun Kufi, wato wani tsohon salon rubutun Larabci, a Almeriya ta Andalus aka ratsa Sahara da ita. Nan kusa kuma ga Durɓi ta Kusheyi a Katsina, inda tonon 1992 ya fito da kayan ƙarfe da na ado da suka zo daga nesa, ga jan bulon Birnin Gazargamu, tsohon babban birnin daular Borno, yana nan a kwance cikin daji. Wa zai karanta su in ba ku ba?

An kira salla, mu tsaya nan. Mai sauran tambaya ya same ni bayan mun idar.