Shin Algazzami Ya Ce Mutanabbi Bai Iya Waƙa Ba?

'Yan uwa mazauna Jidda da Makka, da ɗalibanmu na Madina, kwana biyu ke nan ana ta turo wani hoto a zaurukan WhatsApp, wai wani malamin jami'a ɗan Saudiyya ya ce Mutanabbi, shahararren mawaƙin Larabawa na ƙarni na goma, bai iya waƙa ba. Ku tsaya mu warware zare da abawa.

Malamin shi ne Dakta Abdullahi Algazzami. An haife shi a Unaiza ta yankin Ƙasim a 1946. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Exeter ta Ingila a 1978, ya koyar nan Jidda a Jami'ar Sarki Abdul'aziz, sannan ya koma Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad. A Twitter kuwa ya daɗe yana amsa wa matasa da kansa, har littafi ya yi kan al'adar dandalin a 2016.

To, ga inda aka yi tuntuɓe. A littafinsa na 2000, Annaƙdus Saƙafi (wato sharhin al'ada), ya jefa tambaya: Mutanabbi babban gwani ne ko babban maroƙi? Masu turowa suka ɗauki rabi suka gudu da shi. Alhali gwanintar ce ma ta dame shi. A ganinsa, daɗin baiti kan ɗauke hankalin mai sauraro, ya haɗiye abin da ke ƙunshe ciki bai sani ba.

Ku dubi wannan misali. Mutanabbi ya sauka Masar, ya yi ta wasa Kafur, mai mulkin ƙasar a lokacin, yana sa ran a ba shi sarautar wani yanki. Da ta ƙi samuwa, ya sulale a 962, ya bar masa zambo mai zafi. Kafur ɗin bai canza ba, hannunsa ne bai buɗe yadda ake so ba. Hujjar Algazzami ita ce, al'ummar da ta yi shekara dubu tana koya wa 'ya'yanta haddar irin wannan yabo, ita ke rainon azzalumin shugaba da hannunta.

Mu da muka tashi muna ganin maroƙi na kambama mai kuɗi a gidan biki, ana manna masa a goshi, zancen ba baƙo ba ne.

Ni dai ina ganin ya ɗora wa waƙa kayan da suka fi ƙarfinta, don takobi da yunwa ma suna haifar da azzalumi, kuma masana da dama sun yi masa raddi. Amma wanda zai yi musu da shi, don Allah ya nemi littafin ya karanta babin Mutanabbi tukuna.